Falke Barmu, Manomin da Ya Gina Masallacin Yama

 A wannan fitowa shugabannin ƙungiya sun ba mu filin tarihi. Mu dai ba malaman tarihi ba ne, 'yan kasuwa ne, karatunmu bai wuce allo da Islamiyya ba, sai ɗan abin da hanya ta koya mana. Amma mun karɓa da hannu biyu, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Kowa ya san tun bara ake karo-karo don a rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwarmu a tayar da na bulo a gurbinsa. An zauna sau biyu a kan maganar, a zama na biyu har murya ta ɗaga tsakanin dattawa da samari, aka tashi baram-baram. Kafin a yi zama na uku muna so mu ba jama'a labarin wani mutum guda, magini, ɗan'uwanmu na ƙasar Nijar, da abin da ya yi da ƙasar garinsu. In an karanta, kowa ya auna da kansa.

Sunansa Alhaji Falke Barmu, a takardun Faransanci kuwa Falké Barmou ake rubutawa. Sunan ma kaɗai ya isa ya ja hankalin mutumin Awe, don kuwa falke a bakin Sakkwatawa da Adarawa shi ne farke a bakin Kanawa, jam'insa fatake. Mu a garin nan duk wanda ya bi salsalarsa da wuya bai tarar da falke a ƙarshenta ba, wanda ya koro jakuna daga Arewa ya zo sayen gishiri, gishirin ya riƙe shi, ya yi aure ya kafa zaure. To shi wannan Falke ba da fatauci duniya ta san shi ba. Manomi ne, in damina ta wuce an kai amfani gida kuma ya shiga gini.

Garinsu Yama, wasu su rubuta Yaama, ƙauye ne a ƙasar Adar cikin jihar Tawa. Wanda ya taɓa bin albasa ko wake ko dabbobi ya san hanyar: daga Sakkwato ka nufi Illela, ka tsallaka iyaka ka faɗa Birnin Ƙonni, sannan ka kama hanyar Tawa. A kan wannan hanya akwai babbar kasuwar Badagishiri, wadda sunanta kan sa mutumin Awe murmushi, Yama kuwa tana wannan yanki. Ta nan muka san garin. Wata shekara da rani mun je sayen wake, motar da za ta kwaso kayanmu ta yi mana kwana biyu ba labari. Mai masaukinmu ya ga zaman ya ishe mu, ya ce mu taso ya nuna mana masallacin da Turawa ke zuwa ɗauka hoto. Wallahi don kunya muka bi shi. A ranmu cewa muke, mu da muka ga masallatan Kano da Kaduna, me za mu gani a ƙauye? Ƙasar ma duk fako ce da duwatsu, itatuwa tsilli-tsilli, iska sai ƙura. Muna cikin wannan tunani sai ga hasumiyoyi huɗu sun ɓullo bisa rufin gari, launinsu ɗaya da ƙasar da muke takawa, sai ka ce daga cikinta suka tsiro. Nan fa bakinmu ya mutu. Gani ya kori ji.

Kafin mu shiga labarin ginin, ya kamata a san inda mutumin ya tsaya a cikin magina. A ƙasar Hausa tun da can gini sana'a ce mai sarauta. Kowane babban birni da sarkin maginansa, ɗa ya gaji uba, asirin sana'a ba ya fita gida. Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ake kira Babban Gwani. Irin waɗannan gwanaye suna da sarki a bayansu, in sun ce a kawo azara daga tafiyar kwana goma sai an kawo, in sun ce a ba su mutum ɗari sai a ba su. Falke Barmu ba ya cikin wannan sahu. Ba maginin fada ba ne, bai shiga makarantar koyon zanen gine-gine ba, ba shi da takardar shaida ko ta rataya a bango. Iliminsa irin wanda ake samu da ido da hannu ne: ka gani, ka gwada, bango ya tsage, ka zauna ka gane dalilin tsagewar, ka sake.

A shekarar 1962, shekara biyu bayan Nijar ta sami mulkin kai, dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin a hannunsa. Ba ɗan kwangila, ba kuɗin gwamnati. Aikin gayya aka yi, gari ya fito kwansa da kwarkwata. Wasu su haƙo ƙasa, wasu su kwaɓa ta da ƙafa a cuɗe da yayi, wasu su yi tubali a shanya, wasu su shiga daji neman itace, wasu su yi ta jigilar ruwa, wanda ƙarfinsa bai kai ba ya kawo abin da ya samu na hatsi ko kuɗi. Kada a raina masu ɗebo ruwan nan. Duk wanda ya san Adar da rani, ya ga yadda ake jan guga a rijiyoyinsu, ya san ruwan kwaɓa ƙasar masallaci guda ba ƙaramar sadaka ba ce. Mu da muka zauna gaban malam a Islamiyya mun ji cewa masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a Madina ma haka aka fara shi, da tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, shi da kansa yana ɗaukar tubali tare da sahabbai. Saboda haka mutanen Yama ba baƙon abu suka yi ba.

Shi maginin gargajiya ba ya zana gini a takarda. A ƙasa yake shata shi, da sanda ko da ƙafa, ya auna da taku da kamu da igiya, sauran duk yana cikin kansa. Haka Falke ya yi aikinsa. Masallacin da ya gina a 1962 kuwa ba wani abin mamaki ba ne, gaskiya ke nan. Ɗaki ne babba mai kusurwa huɗu, da layukan ginshiƙai a ciki suna ɗauke da shimfiɗaɗɗen rufi, sai mihirabi da ya ɗan turo waje ta alƙibla. Da a nan ya tsaya, da yau ba mai jin sunansa sai jikokinsa.

Babbar matsalar magini a wannan yanki ita ce itace. A Kano da Zariya ana rufi da azara, ba Azara garin maƙwabtanmu muke nufi ba, azarar giginya, wadda ake tsaga kututturen a fitar da sanduna masu ƙarfi waɗanda gara ba ta cika ci ba. Ita kanta azarar ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida ba tare da an tallafe ta ba, shi ya sa ɗakunan mutanen da suke da ƙunci. A Adar giginyar ma ba ta wadata ba. Dabarar da Falke ya yi aiki da ita ita ce a tattara ƙananan sanduna irin waɗanda dajinsu ke bayarwa, a ɗaure su dami-dami, a binne su cikin ƙasar gini su zama ƙashin bayansa. Abin da attajirin birni ke saye da kuɗi, shi da igiya da haƙuri ya haɗa shi.

Aka yi shekara goma sha biyu ana salla a ciki. Sai ga farin nan na 1973 da 1974, wanda dattawanmu ba su manta ba, don har garin nan mutanen Arewa suka riƙa kwararowa neman abinci. A Nijar abin ya fi muni, dabbobi suka ƙare, gari da yawa suka watse, a watan Afirilun 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. A bayan wannan wahala, a 1975, rufin masallacin Yama ya nemi gyara. Kowa zai yi wa mutanen uzuri in sun ce a toshe inda ke yoyo a bar sauran sai Allah ya kawo sauƙi. Shi kuwa Falke sai ya mai da gyaran ya zama sabon aiki. Ya sauke tsohon rufin, ya tayar da bakan gizo tsakanin ginshiƙai, ya ɗora tulluwa a tsakiyar masallacin.

Samarinmu da suka tashi cikin kwano da silin ba lalle su san bakan gizo na gini ba, to bari mu ɗan tsaya a nan. Magini yakan kafa itace a jikin ginshiƙai biyu masu fuskantar juna, ya ɗan karkato da shi ciki, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ƙara wani sahun a kansa wanda ya fi na farko miƙowa, ya ɗaure, ya lulluɓe, ya jira. Haka zai yi ta yi daga hagu da dama har hannayen biyu su haɗu a sama su rungumi juna, su yi lanƙwasa irin ta bakan gizon da ake gani bayan ruwa. In baka biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da sandunan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. A kan wannan ake ɗora tulluwa. Babu rodi, babu siminti, babu katakon da za a tokare da shi daga ƙasa har ya kama. In magini ya yi gaggawa ya ɗora ɗanye a kan ɗanye, rufin zai sauko a kansa da yaransa. In ya kuskure awo da ɗan kaɗan, hannayen ba za su haɗu ba. Kuma a tuna, a ƙarƙashin wannan rufi mutanen garinsu za su jeru ran Juma'a, da 'ya'yansa da surukansa. Mun tsaya a ƙarƙashin tulluwar nan da azahar, rana a waje kamar ta narkar da mutum, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa, ga haske yana shigowa kaɗan-kaɗan ta 'yan tagogi. Wani abokin tafiyarmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mana shi fa bai yarda babu ƙarfe a ciki ba.

Daga nan ya shiga hasumiyoyi, ɗaya a kowace kusurwa, bai gama ba sai 1982. Wato daga fara masallacin zuwa gamawa shekara ashirin cif. A hasumiyoyin nan ne mutumin ya nuna ko shi wane ne. Kowacce gindinta da faɗi, tana hawa tana tsukewa, an yi mata ɗamara hawa-hawa, kuma tana ƙara nisa da ƙasa adonta yana ƙara yawa, har can ƙololuwa inda ƙasar ta zama kamar sassaƙa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne babu biyu da suka yi kama. Ka zagaya ta gabas ka ga masallaci ɗaya, ka koma ta yamma ka ce wani ne dabam. Da injiniya aka ba aikin, hasumiya ɗaya zai zana ya ce a maimaita sau huɗu, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Mu dai a namu ganin, kuma ra'ayinmu ne ba karatu ba, Falke bai iya maimaita kansa ba ne saboda ba a rana ɗaya ya yi su ba. Yana gama ɗaya hannunsa ya riga ya koyi wani abu, idonsa ya riga ya hango inda zai fi, to don me zai koma baya? Mutum ne kuma da ya je Makka ya ga gine-ginen duniya, amma ka duba duk ba za ka ce ga wanda ya kwafo ba. Ba irin ta Agadas ba ce mai tsini guda da itatuwa a jiki, ba irin Gobarau ta Katsina ba ce, ba kuma irin ta Larabawa ba. Tasa ce.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Mu Hausawa Musulmi ba mu gaji sassaƙa gunki ko zana surar mutum ba, har wasu baƙi kan ɗauka ba mu da masu fasahar hannu. Alhali kuwa baiwar tana nan, wurin da ta bi ne dabam. Ta bi ta aska takwas a gaban riga, ta bi ta hula, ta sirdi da linzami, ta ƙwaryar da aka yi wa zane, ta zayyanar da alaramma ke yi a Alƙur'ani rubutun hannu, ta dagin da ake fitarwa a goshin soro. Sai dai mu ba mu ɗauki masu wannan aiki a bakin komai ba. Mukan yi ciniki da su kamar muna sayen tumatir, mu 'yan kasuwa mun fi kowa wannan hali, in an gama a biya su a sallame su, ba mai riƙe sunansu. A tambayi dattawan unguwarmu wa ya gina masallacin da muke gardama a kansa, a ga mutum nawa za su amsa. Shi ma Falke, da baƙi ba su zo sun rubuta sunansa ba, da mu a nan ba mu ji shi ba.

Ku duba kuma lokacin da ya yi wannan aiki. A Kano tun 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kammala sabon babban masallaci na siminti a madadin tsohon na ƙasa. A Zariya, a shekarun 1970, wato daidai lokacin da Falke ke ɗaure sandunansa, aka kewaye masallacin Babban Gwani da sabon gini na zamani, abin da ya rage na tsohon aikin yana ciki a lulluɓe, mai wucewa a waje ba ya ganinsa. Ko a jiharsu ta Tawa, a garin Malbaza, akwai masana'antar siminti tun shekarun 1960. Ko'ina magana ɗaya ce, ƙasa ta talaka ce, mai hali sai bulo da kwano. Shi kuwa yana ƙauyensu yana ta kwaɓa ƙasa.

Labarin ya fita duniya ne ta hanyar wata gasa. A 1977 Aga Khan, shugaban Isma'ilawa, wanda ya rasu a 2025, ya kafa kyautar gine-gine ta ƙasashen Musulmi, ana bayarwa duk bayan shekara uku. Ba maganar aƙida muke ba, maganar gini muke. An fara bayarwa a Lahor ta Pakistan a 1980, sannan a Santambul a 1983, inda wani maginin ƙasa na Mali, Lasine Minta, ya samu saboda masallacin Niyono. Karo na uku aka yi a Marakish ta Maroko a 1986, kuɗin kyautar gaba ɗaya dala 500,000 da ake raba wa waɗanda suka ci. Ayyuka shida aka zaɓa a wannan shekara. A cikinsu akwai gyaran Masallacin Ƙudus, da gyaran tsohon garin Mostar wanda yanzu yake ƙasar Bosniya, da wani babban ginin ofisoshi a Santambul, da rukunin gidaje a Kasabalanka, da masallacin Bhong a Pakistan. Na shida shi ne masallacin Yama. Jama'a, a sake karanta jerin nan. Sunan manomin Adar a takarda ɗaya da Masallacin Ƙudus, kuma waɗanda suka zaɓe shi manyan masana ne da suka ƙare karatun gini a jami'o'in duniya. Suna da hanyar aiko mutum ya zo ya duba aiki da idonsa kafin a yanke hukunci, saboda haka ba a kan jita-jita suka bayar ba. Daga wannan shekara hoton masallacin ya shiga littattafai, ɗaliban zanen gine-gine a Turai da Amurka suna nazarin abin da mai shi bai taɓa zanawa a takarda ba.

To amma lambar yabo ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa kamar doki yake, kullum yana son hannu. Ko wace shekara ko biyu sai an yi yaɓe, a duba indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a shafa makuba ko laso inda ake da su. Mutanen Jenne a Mali, masu babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907, sun mai da yaɓen shekara-shekara kamar salla, gari duka ke fitowa a gama a yini guda. Inda jama'a suka daina fitowa kuwa, ko wane gwani ne ya gina, ginin zai fara zubewa. Haka ta faru da wani masallacin da Falke ya gina a Dandaji, shi ma a jihar Tawa. Shekaru suka tura, gari ya ƙaru, masallacin ya yi kaɗan kuma ya lalace, mutanen garin suka fara shirin rushe shi su gina na siminti. Kun ji fa, maganarmu ce sak.

Abin da ya cece shi wata 'yar asalin garin ce, Mariam Kamara, wadda yanzu aka fi sani da Mariam Issoufou. Ta fara da karatun kwamfuta a Amurka, daga baya ta koma ta karanta zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta 'yar Iran, Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe wanda zai ɗauki mutum 1,000, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu na gari. Sabon ma ba da bulon siminti aka yi shi ba, da bulon jar ƙasa ne wanda ake matsewa da inji, ya fi tubalin hannu ƙarfi da jure ruwa, kuma yana riƙe sanyi. Da aka zo gyaran tsohon sai aka nemo maginan da suka yi aikinsa tun farko, aka sa su a gaba, masu digiri suna tambaya suna amsawa. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da gidan ilimin nan na Bagadaza na zamanin Abbasiyawa. Yau yara maza da mata suna karatu a ƙarƙashin bakan gizon Falke, in an kira salla su tsallaka fili su shiga sabon masallaci. Ko ya halatta a mai da masallaci ɗakin karatu, da sharuɗɗan da ke kan haka, wannan fagen malamai ne, ga su nan a garinmu Allah ya ƙara musu lafiya, mu ba za mu yi musu shisshigi ba. Abin da muka ɗauka a labarin shi ne mutanen Dandaji sun sami sabo ba tare da sun rasa tsoho ba.

Yanzu mu dawo gida, mu kuma yi wa samarinmu adalci, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Awe ba Adar ba ce. Ruwan da ake yi mana a shekara ya ninka na Tawa fiye da sau biyu, damina ta fi tasu tsawo, shi ya sa maƙwabtanmu da muka tarar a wannan ƙasa suka riƙe jinka, kakanninmu ma da yawa suka bi su. Ga gara. Ga kuma gishirin da ya tara mu a nan, shi ne ke cin gindin bango, kowa ya ga yadda katanga ke rubewa daga ƙasa tana zuba kamar gari. Masallacin ya yi mana kaɗan, ran da aka yi ruwa sahun waje sai ya watse. Waɗanda za su fito yaɓe kuma yawancinsu suna makaranta ko suna kan babur suna neman na kansu, ba za a ce su bar abincinsu ba. Duk wannan gaskiya ne. Wanda ya ce a bar masallacin yadda yake, a yi ta lallaɓawa, bai faɗi yadda za a yi da waɗannan ba.

Sai dai mu mun taɓa rushe gini, mun san yadda abin yake. Shekarun baya da kasuwa ta yi mana kyau, muka ga zauren mahaifinmu ya tsufa, ba ya dacewa da sabon matsayinmu. Zaure ne mai ɗaurin guga, a nan fatake ke sauka, a nan aka ɗaura auren iyayenmu mata da yawa. Muka kira wani mai aikin bulo, a yini biyu aka kwantar da shi, maginin da ya yi shi kuwa an ce wata da watanni ya ɗauka. Muka tayar da shago biyu da ɗan falo. Yau falon nan daga hantsi ba ya zaunuwa sai da fanka, wutar kuma kun san halinta, bangon ya tsage tun shekara ta uku don an yi mana ƙwauron siminti. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta ce mana komai ba, amma har ta rasu ba ta taɓa zama a cikinsa ba, a tsakar gida take shimfiɗa tabarmarta. Ko hoton zauren ba mu da shi. Da muka tsaya a Yama, shi muka tuna.

Saboda haka ga abin da za mu kawo a zama na uku, muna faɗa tun yanzu don kada a ce mun zo da shi bagatatan. Kuɗin da aka tara a gina sabon masallaci da su, wannan ba mu ja ba, mu ma da namu a ciki. Amma a nemi fili a gefe ko a baya, kwamiti ya zauna da masu filayen da ke maƙwabtaka, in saye ne a saya, mu 'yan kasuwa mu ƙara a kan abin da muka bayar. Tsohon kuma a yi masa gindi da dutse da siminti don gishiri, a ɗora masa kwano daga sama mai baki da faɗi don ruwa, a bar cikinsa yadda yake, malamai su faɗa mana abin da ya dace a riƙa yi a ciki, ko karatun yara ko na manya da dare. A tambayi 'ya'yanmu da suka karanta gini a Zariya da Jos game da bulon ƙasa na inji, su faɗa mana ko ƙasarmu za ta yi, da abin da zai ci. In duk an duba an ga ba hali sai rushewa, to aƙalla a auna shi, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a rubuta sunan wanda ya gina shi a ajiye a ofishin ƙungiya.

Akwai dattijo guda da ya rage a tsohon gari wanda ya yi aikin ɗaurin guga da hannunsa yana saurayi. Idonsa ya yi rauni, amma da muka je gaishe shi bayan sallar layya muka ba shi labarin Yama, sai ya tashi zaune ya karɓi sandarsa, ya shata mana a ƙasa yadda ake kafa sahun farko na baka, yana yi yana faɗin sunan kowane itace. Ya ce in za a kai shi masallacin ya shafa bangon, zai faɗi inda ke da rai da inda ya mutu. Mun yi masa alkawarin mota ranar zaman, muna roƙon shugaba ya ba shi dama ya yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a.